Minti-Biyar da Injin Kofi Arba'in

Ranar da na fara ganin Minti-Biyar, kansa na fara gani kafin sauran jikinsa. Ya leƙo ta tagar kicin ɗinmu da sukundireba a maƙale a bayan kunne, ya ce, "Nan ne bilenda ta rasu?"

Na ce, "Ba ta rasu ba, suma ta yi."

"To a ba ni hanya. Aikin minti biyar ne."

Awa uku ya yi. Ya wargaza ta a kan teburin da nake yanka 'ya'yan itace, yana aiki yana ba ni labarin injunan da ya tayar bayan masu su sun gama karɓar ta'aziyya. Har da janareton wani otal mai hawa bakwai, wanda ya ce da cokalin shayi ya gyara shi. Da ya haɗa bilendar ta tashi, amma kusoshi uku suka rage a kan tebur. Na nuna masa su. Ya kwashe ya zuba a aljihu, ya ce, "Almubazzarancin kamfani ne. Ba su san tattali ba."

Na juya baya na yi dariya a tafin hannuna. Washegari ya dawo wai ya zo duba jikin bilenda. Kwana biyu bayan nan ya sake dawowa. Kafin wata ya cika Gwaggo ta ce duk gidan nan babu wanda ya kai bilendar nan samun 'yan dubiya.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta raine ni, ita ce kuma mai gidan renon yaran da nake aiki a kicinsa. Yara arba'in ne, daga 'yan shekara biyu zuwa biyar, iyayensu su ajiye su da safe su wuce wurin aiki. Ni ban daɗe a makaranta ba. A jikin gwangwanaye da kwalaye da takardun magani na koya wa kaina karatu, shi ya sa har yau ba na iya wuce rubutu ban karanta ba, ko a kwandon shara na gan shi.

Babban aikina shi ne markaɗen ƙarfe goma. A da madara ake dama wa yara a wannan lokaci, sai aka kawo mana wata 'yar shekara uku da muke kira Tsuntsuwa, saboda tsattsagar abinci take yi kamar tsuntsu. Ita in madarar shanu ta shiga bakinta, ko ɗigo ne, leɓenta ya kumbura, ƙuraje su feso mata, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Mahaifiyarta ma'aikaciyar jinya ce. Ta zaunar da mu ta yi mana bayani har sau biyu, ta rubuta a takarda, na manna a jikin firji. Gwaggo ta ce ita a gidanta ba a ware yaro da kofinsa daban yana kallon na 'yan'uwansa, don haka madara ta bar kicin gaba ɗaya.

Ni aka bari da neman abin da zai maye gurbinta. Na ɓata ayaba ba adadi kafin na gano bakin zaren. Nunanniyar ayaba ake ɓarewa a sa a firji ta daskare, ita ke ba da kaurin da madara take bayarwa. Ruwan kwakwa ko ruwa zalla ake fara zubawa a ƙasa. Sannan kala ɗaya a rana ɗaya. Ranar ja, kankana. Ranar rawaya, mangwaro da dafaffen karas. Ranar kore, abarba da alayyafo cikin tafi ɗaya. Yaro da ido yake fara sha. In kalar ta yi masa ya miƙo hannu biyu, in ba ta yi masa ba ya kulle baki, ko sukari ka juye a ciki. Wahalar abin ɗaya ce: bilendarmu kofi uku take yi a zubi ɗaya. Sai na yi zubi goma sha huɗu, in ta ɗauki zafi in tsaya ina yi mata fifita.

Minti-Biyar kuwa ya mai da tagar kicin wurin hutunsa. Sunan da maƙwabta suka sa masa ke nan, shi kuma Injiniya yake kiran kansa, ni ma haka nake kiransa a gaban idonsa. Yakan zo da tsofaffin littattafan da ya tsinta a gidajen da ya je gyara, ya ajiye a bakin taga, ya ce, "Ga wannan, ko za ki tokare ƙafar tebur." Teburina lafiyarsa lau. Na karance su duka. Kalamai masu daɗi na cike da kaina, amma da ya leƙo sai su watse, in ce masa, "Sannu da aiki."

Rigimar ta faro ne daga iyaye. Wasu sun ƙi yarda cewa 'ya'yansu, waɗanda a gida ake kokawa da su kan ganye ɗaya, suna shan alayyafo a wurinmu har suna lashe kofi. Gwaggo ta ce gani ya kori ji, kowa ya zo ranar Asabar ya gani da idonsa. Minti-Biyar yana bakin taga lokacin da take gaya mini.

Ya ce, "Gwaggo, zubi goma sha huɗu a gaban baƙi? Ai zubar da mutuncin gida ne. Zan ƙera muku injin da zai yi kofi arba'in a zubi ɗaya."

"A minti nawa?"

"Biyar."

"Na sani. Don in ji daɗi ne na tambaya." Ta cire tabarau ta dube shi da kyau. "Kai ɗan nan, wata shida kana sintiri a tagar nan. Bilenda ta warke har ta yi ƙiba. Na san abin da kake kewayawa. Ni kuwa ba na ba da 'yar da na raina ga mutumin da bakinsa ke riga hannunsa isa ko'ina. Ranar Asabar, in injinka ya fitar da kofi ɗaya tak da yaro ya shanye a gaban iyayensa, ka zo mu zauna mu yi maganar. In bai fitar ba, ka manta hanyar tagar nan."

"Kofi ɗaya? Gwaggo, kin raina ni. A ce arba'in."

"Ɗayan dai."

Na tsaya da wuƙa a cikin abarba. Babu wanda ya tambaye ni.

Ranar Litinin da yamma na rubuta duk ƙa'idodin markaɗe a takarda, da hannuna mafi kyau, na kai masa shago. Shagonsa yana tsakanin na mai aski da na tela. Injin yana tsakiyar ɗaki kamar sabuwar amarya. Babbar tukunyar alminiyam ce ya ɗora a kan ƙafafun tsohon keken ɗinki, ya huda gindinta, ya ɗaura mata injin jan ruwa. A ciki ya sa fuka-fukan fanka da ya wasa suka yi kaifi. A gefe kuma ya liƙa kan famfo.

Tela ya leƙo ya ce, "Ƙafafun nan nawa ne, Malama, ki zama shaida. Aro na bayar."

Minti-Biyar ya ce, "Tarihi zai ambace ka." Ya shafa tukunyar. "Ƙarfin doki biyu. Taki bilendar ko na ɗan akuya ba ta kai ba."

Na miƙa masa takardar. Ya karɓa da hannu biyu, ya dube ta kamar wasiƙa, ya ce, "Malama, takarda ai ta masu koyo ce." Ya ninke ta huɗu ya tura a ƙarƙashin ƙafar injin da take rawa. "Kin gani? Ta yi amfani tun ba a je ko'ina ba."

Ya danna makunni. Injin ya yi tari ɗaya, wutar layin gaba ɗaya ta ɗauke. Can sai ga mai aski ya shigo da injin aski a hannu, wani mutum na biye da shi da ƙyalle a wuya, rabin kansa tas, rabi daji.

Mai aski ya ce, "Me ka kunna?"

"Kimiyya."

"To kimiyyarka ta bar bawan Allah da rabin kai."

Mutumin ya ce, "Ganawar neman aiki gare ni ƙarfe biyar."

Minti-Biyar ya ƙare masa kallo ya ce, "Ka riƙa ba su gefen da aka gama."

Ranar Talata ya gyara maganar wuta. Da na je na tarar ya wanke mangwaro goma yana jefa su cikin tukunya ɗaya bayan ɗaya, da ɓawo da ƙwallo.

Na ce, "Injiniya, ana cire ƙwallon."

"A bilenda ake cirewa. Wannan doki ne, ƙashi ma zai tauna."

Tela ya leƙa cikin tukunyar ya ce, "Ni dai ban san kimiyya ba, amma fanka aikinta hurawa ne. Bilendar matata ƙasa take jan abu. Wannan sama zai yi."

"Shi ya sa zai fi kumfa. Koma kan wandonka."

Ya rufe ya kunna. Murfi ya tashi ya bugi rufin kwano. Ƙwallon farko ya fita ta ƙofa, ya shiga shagon tela, ya daki agogon bangon da ya shekara biyu a tsaye. Agogo ya fara tafiya. Minti-Biyar ya buɗe baki zai ce kyauta ya gyara masa, sai muka ji tas daga ɗaya gefen. Ƙwallo na biyu ya sami madubin mai aski.

Mai aski ya fito a hankali, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Madalla. Yanzu duk wanda na yi wa aski sai dai ya yarda da maganata."

Ranar Laraba ta tafi a kan murfi. Ya ɗora masa dutse, injin ya yar. Ya ɗora batirin mota, ya yar. Ya ɗaure da igiya, ta tsinke. A ƙarshe ya hau ya zauna a kai da kansa, ya ce tela ya danna makunni. Murfi ya zauna lafiya. Shi kuma duk jikinsa na karkarwa, haƙoransa na haɗuwa, yana cewa, "Kun ga-ga-gani? Inji ya san mai shi."

Ranar Alhamis da hantsi ya shigo gidan reno da jug a rufe da tawul, yana tafiya kamar mai ɗauke da kambun sarauta. Ya ce a tara yara. Ya ce ni ina wahalar da kaina da ranar ja da ranar kore, shi ya haɗa mako guda a kofi ɗaya: kankana, mangwaro, alayyafo, karas, kabeji, kokwamba, tumatir, da 'yar albasa don ƙarfin jiki. Ya yaye tawul ya tsiyaya.

Ban taɓa ganin kala irin wannan a cikin kofi ba. A bakin titi nake ganinta bayan an yi ruwan sama. Ga shi tsararo, guntayen kabeji na iyo a sama.

Yara suka yi cirko-cirko. Wani ɗan shekara huɗu da muke kira Sarkin Tambaya ya ce, "Kawu, a kwata ka ɗebo?"

Tsuntsuwa ce kaɗai ta matso, don ita mutuniyarsa ce tun ranar da ya mayar wa 'yar tsanarta hannu, har matsalarta da madara ya sani. Ta sa hanci a kofin, ta ɗago, ta tura masa shi da yatsa ɗaya ta ce, "Kawu Minti, sha kai."

Ya sha. Maƙogwaronsa ya yi sama ya tsaya, ya daɗe bai sauko ba. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Daɗin ne ya yi yawa. Yara ba za su iya ɗauka ba."

Gwaggo ta ce, "Ƙara masa, 'yar nan. Baƙo ne."

Da zai tafi na bi shi har bakin ƙofa. Na ce, "Injiniya, don Allah ka ji waɗannan biyun kawai. Kala ɗaya. Kauri kuma daskararriyar ayaba ce ke kawo shi."

Ya ce, "Kalar na yarda, don ke kika faɗa. Kauri kuwa bar ni da shi. Tukunyar nan sai an daskarar da gonar ayaba kafin ta ji. Ina da sirri."

Ya kamata in tambaye shi sirrin. Amma ya yi murmushin nan nasa, ni kuma na ce masa, "Sannu da aiki."

Asabar ta zo. Muka share babban ɗakin wasa, muka jera kujerun yara, iyaye suka zauna a kansu gwiwoyinsu na taɓa haɓa. Fankar sama na juyawa. Mai aski da tela suka zo ba gayyata, suka tsaya a bakin ƙofa. Mai aski yana riƙe da lema.

Gwaggo ta ce, "Malam, hadari ka gani?"

Ya ce, "Maƙwabcinsa ne ni, Gwaggo."

Minti-Biyar ya shigo da farar riga irin ta likitoci wadda tela ya ɗinka masa da ragowar labule, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ya yi jawabi. Ya ce daga yau tarihin ciyar da yara ya rabu biyu, kafin injinsa da bayan injinsa. Ya ce akwai ƙasashe uku da ke nemansa, yana dai duba wadda ta fi ladabi. Wani uba ya tambaye shi sunan injin. Ya ce bai sa masa suna ba tukuna, yana jiran wata ta zaɓa, ya saci kallona. Na sunkuyar da kai ina gyara kofunan da ba su karkace ba.

Ranar rawaya muka yi. Ni na yanka mangwaron da hannuna na cire ƙwallayen, na dafa karas, na kawo ayabar da firjinmu ya iya ɗauka. Ya juye su cikin tukunya. Ni kuma na kwashi yara zuwa wurin wanke hannu. Kafin mu dawo ya zuba sirrinsa, ya rufe, ya hau murfi ya harɗe ƙafa.

"Tela, danna."

Injin ya ɗauka. Ɗaki ya cika da ƙara, kofuna na rawa a kan tebur, kumatun Minti-Biyar na kaɗawa. Bayan ɗan lokaci ya sunkuyo ya murɗa kan famfon. Sai ga abu ya zubo cikin jug, rawaya shar, mai kauri, mai santsi, yana naɗewa kamar zare. Wata uwa ta ce, "Kai, ya yi kyau." Gwaggo ta gyara zaman tabarau. Ni kuwa na kasa ɗauke ido daga jug ɗin.

Ya ɗaga murya yana karkarwa, "Kofin fa-farko na Tsuntsuwa ne."

Aka tsiyaya mata. Ta je ta tsaya daidai ƙarƙashin ƙafafunsa, ta riƙe kofin da hannu biyu tana leƙa ciki, don ita ba ta shan abu sai ta gama bincike.

Ni ina can ɗaya ƙarshen ɗakin, na sunkuya zan ɗauke kwandon ɓawo daga hanya. A saman ɓawon na ga wani babban gwangwani babu komai a ciki. Da hoton kwakwa a jikinsa, an fasa ta biyu, da manyan baƙaƙe: GARIN KWAKWA. Hannuna ya juya shi da kansa, kamar yadda ya saba. A baya, cikin ƙananan baƙaƙen da sai an matso da ido, aka jera abin da ke ciki. Kwakwa. Sukari. Garin madarar shanu.

Tunda nake ban taɓa ɗaga murya a gaban mutane ba. Ran nan na ɗaga.

"Injiniya, akwai madara a ciki!"

Tsuntsuwa ta gama bincikenta, ta fara ɗaga kofi. Mahaifiyarta na can baya, ta yunƙura, kujerar yara ta riƙe ta. Ni tsakanina da ita akwai layi uku na iyaye. Shi kaɗai ne kusa. Na ga ya dubi kofin, ya dubi murfin da yake zaune a kai. Duk duniya babu wanda ya kai shi sanin abin da zai faru in ya tashi.

Ya diro.

Da hannu ɗaya ya kaɗe kofin, da ɗayan ya ja yarinyar cikin farar rigarsa, ya duƙa a kanta ya ba injin baya. Murfi ya tashi ya bugi silin. Kofi arba'in suka bi shi a tsaye kamar an fasa bututu. Fankar sama ta karɓa, ta shiga rabo, ba ta bar kowa ba. Ta ba na gaba, ta ba na baya, ta ba hotunan dabbobin da ke bango. Injin kuma da ya ji babu nauyi a kansa sai ya fara tafiya da ƙafafun keken ɗinki, yana dosar iyaye. Layin gaba ya watse. Wani uba mai ƙiba ya miƙe da kujera manne a jikinsa. Tela na bin injin yana neman makunni yana cewa, "Ƙafafuna, ku tsaya." Yara na tsalle suna tafi. Da ƙyar injin ya kai ƙarshen wayarsa, ya fizge ta daga bango, ya yi shiru.

Babu abin da ake ji sai ɗigowar mangwaro daga silin.

Mai aski ya rufe lemarsa a hankali, ya karkaɗe ta, ya ce, "Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Amma yau har da maƙwabta."

Mahaifiyar Tsuntsuwa ta iso ta zaro 'yarta daga cikin rigar. Ta duba leɓenta, ta duba wuyanta da hannayenta, ta fita da ita tsakar gida ta sake dubawa a cikin haske. Ko ɗigo bai taɓa ta ba. Kuka dai take yi, wai Kawu Minti ya zubar mata da nata. Shi kuwa daga ƙeya har dugadugai rawaya ne.

Matar ta dawo, ta karɓi gwangwanin daga hannuna ta karanta. Ta ce masa, "Ba ka karanta ba?"

"Na karanta manyan."

"Ƙananan fa?"

Kowa na jiran ya ce wani abu game da kamfani ko kimiyya. Ya ce, "Na ɗauka adireshinsu ne. Laifina ne, Anti. An ba ni takarda ban duba ba."

Wani uba yana matse gemunsa ya ce, "Ƙasashe ukun nan, ka taimaka ka zaɓi mai nisa."

Sarkin Tambaya ya ce, "Kawu, za a sake?"

Gwaggo ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar, ta ga ta ƙara shafa musu mangwaro ne, ta sake cirewa. Ta ce, "Ƙaramin sani ƙunƙumi ne. A fitar da yara tsakar gida, a wanke musu hannu da fuska. Ke 'yar nan, me ya rage a firji?"

Abarba ta rage, da alayyafo, da ayabar da na ɓoye saboda halin ko-ta-kwana. Ranar rawaya ta koma ranar kore. Na kunna 'yar bilendata, kofi uku uku, tana zafi ina fifita. Iyaye suka zauna a inuwa da tawul a wuya, suna kallon 'ya'yansu na shan alayyafo suna miƙo kofi a ƙara. Wata uwa ta ce da ba ta gani ba da ta rantse ƙarya ne. Tsuntsuwa ta shanye nata har ta yi gashin baki kore.

Ta tagar kicin ina hango Minti-Biyar a ɗakin wasa. Babu wanda ya sa shi. Ya wanke ƙasa, ya wanke bango, ya hau tebur ya goge fanka. Mahaifiyar Tsuntsuwa ta ce kowace kujera da kowane abin wasa sai an wanke da sabulu sau biyu kafin yarinyar ta sake shiga, ya wanke sau uku. Awa biyu cur bai ce uffan ba. Mai aski ya ce wa tela a duba ko ya haɗiye harshensa.

Da la'asar ya ɗora tukunyarsa a baro, ya miƙa wa tela ƙafafun kekensa, ɗaya a lanƙwashe. Sauran iyaye na ɗaura wa yara takalma. Ya turo baron har gaban Gwaggo ya tsaya.

"Gwaggo, ko kofi ɗaya ba a sha ba. Na san sharaɗi."

"Ka sani."

Mahaifiyar Tsuntsuwa ta ce, "Gwaggo, shi ya zuba, amma shi ya tare."

"Na gani, ai ina wurin. Har yanzu mangwaro na kunnena. Magana dai na riga na yi ta."

Ya gyaɗa kai. Bai dubi tagar kicin ba. Ya kama hannun baro ya juya, tayar na ƙara, rigar labulen nan ta bushe ta ƙandare a bayansa.

Ina tsaye da jug a hannu, ban san lokacin da na fito tsakar gida ba. Na ce, "Gwaggo, ku biyu kuka ƙulla sharaɗinku. Ni ba a tambaye ni ba."

Gwaggo ta juyo gaba ɗaya. "Au, ashe kina da baki?"

Mai aski ya gyara tsayuwa. Tela ya ajiye ƙafafun keke. Iyaye suka bar ɗaurin takalma. Duk kalaman littattafan nan babu wanda ya zo ya taimake ni.

Na ce, "Injiniya, ajiye baron nan ka saurara, don ba zan iya maimaitawa ba. Na yi maka alkawari a gaban mutanen nan, kai zan aura. Ko a wata ɗaya Gwaggo ta huce ko a shekara, zan jira. Kuma ba sai ka sake ƙera komai ba."